Bindiga Mai Baki Biyu: Inda Kunne Ke Da Amfani, Da Inda Ya Tsaya

Macen da ta san ciwon kuɗinta ba ta sayen tukunyar ƙasa sai ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa. In tukunyar ta amsa da amo mai tsawo, sai a shiga ciniki. In kuwa ta yi "ɓus" kamar an bugi buhun dusa, sai a ajiye ta, ko da ido bai ga tsaga ba. Haka tsofaffin 'yan kasuwar Kurmi suke jefa sule a kan dutse don su rarrabe na gaske da jabu. Waɗanda suka riski zamanin da jirgin ƙasa ke tashe a Kano kuma za su tuna ma'aikatan da ke bin taragu da guduma mai doguwar ƙota, suna bugun ƙafafun jirgi ɗaya bayan ɗaya, suna sauraron wadda ta tsage. Duk ilimi ɗaya ne: abin da ke haɗe yana ɗaukar amo, abin da ya rabu yana kashe shi.

Da wannan ilimin ne mafarauta da maƙera ke gwada bindiga mai baki biyu. Na ɗauki alƙalami a kan batun ne saboda a cikin birnin Kano da ƙauyukan da ke kewaye da shi akwai irin waɗannan bindigogi da yawa, waɗansu an gaje su daga kakanni, waɗansu an saye su a hannu na uku ko na huɗu, kuma sau da yawa shaidar da mai saye ke samu a kan lafiyarsu ita ce amon da ya ji kawai. Gwajin kunne gwaji ne na gaskiya, yana da dalili a kimiyyance, kuma bai kamata a raina shi ba. Sai dai tambaya ɗaya yake amsawa, mu kuwa mun ɗora masa tambayoyi goma. Tazarar da ke tsakanin abin da kunne ya ji da abin da mai bindiga ya zata ya ji, a nan ne ake rasa yatsu da idanu.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a Kano

Littafin Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga ƙasar Nupe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743. Ya kuma ce Sarki Babba Zaki, wanda ya sarauci Kano daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Jikokin wannan al'ada su ne 'yan bindigar da muke gani a Hawan Sallah, masu cika Ƙofar Kudu da hayaƙin albarushi. Tasu bindigar ita ce adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ita ce irin da Turawa suka yarda a sayar wa baƙar fata bayan yarjejeniyar Burasal ta 1890, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar Afirka, ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin bindigogi masu ƙanƙara.

Bindiga mai baki biyu wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata harsashi ta baya, ita daga baya ta yaɗu. A zamanin mulkin mallaka an fi ganin ta a hannun jami'an Turawa da manyan 'yan kasuwa da masu sarauta, kuma galibi ƙirar Ingila ce ko ta Beljiyam. Bayan samun 'yancin kai sai aka riƙa samun na Rasha irin su Baikal, da na Sifen da Italiya, daga baya kuma na Turkiyya. Wannan yana nufin bindigar da ke rataye a ɗakin wani dattijo a yau tana iya kai shekara talatin, tana kuma iya haura ɗari. Kowacce ta sha damina da rani gwargwadon shekarunta, kuma kusan kowacce ta taɓa biyawa ta hannun mai gyara.

Masu gyaran nan kuwa ba 'yan koyo ba ne. Ƙira tsohuwar sana'a ce a birni, da Sarkin Maƙera da unguwanninta irin su Lokon Maƙera, har wani Bature masanin Hausa, Philip Jaggar, ya wallafa littafi sukutum a kan maƙeran birnin Kano a 1994. Mutumin da ya tashi a gindin uwar maƙera yana jin maganar ƙarfe kafin ya iya karatu. Daga amon masaba yake gane ƙarfen da ya huce, da wanda ke da ɓoyayyen aibi. Saboda haka in irin wannan mutum ya ce bindiga ta amsa, maganarsa tana da nauyi. Abin da ya rage shi ne a san me ta amsa.

Yadda ake gwajin, da dalilinsa

Bindiga mai baki biyu bututu biyu ne da aka jera kafaɗa da kafaɗa, ko ɗaya a kan ɗaya. Abin da ke riƙe su tare shi ne waɗansu siraran ƙarafa masu tsawo, ɗaya a sama inda ido ke bi wajen saiti, ɗaya a ƙasa. Bari mu kira su mahaɗai. A yawancin tsofaffin bindigogi, da dalma ake liƙe mahaɗan nan, irin dalmar da masu liƙin kwano da 'yan gyaran rediyo ke amfani da ita, wadda ke narkewa a zafin da bai kai digiri 200 ba. An zaɓe ta ne don kada zafi mai yawa ya lanƙwasa bututun ko ya sauya ƙarfinsa. Tsakanin mahaɗin sama da na ƙasa akwai wani ɗan kogo mai tsawon bututun, wanda ido ba ya gani kuma tsumma ba ya shiga.

Mai gwaji yakan fara tabbatar da cewa babu harsashi a ciki. Sai ya cire katakon gaba, ya karya bindigar, ya raba bututun da ƙota. Sai ya rataye bututun ta ƙugiyar da ke ƙasansu, a kan ɗan yatsa ko da zare, yadda babu abin da ke taɓa jikinsu. Sannan ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa ko da ɗan itace, yana bi daga gindi zuwa baki, bututun dama da na hagu. Ba a bugawa da ƙarfe, domin ƙarfe yana barin tabo. In liƙin yana nan daram, bututun za su yi amo mai tsabta kamar kuge, ya ɗan jima yana kaɗawa kafin ya mutu. In kuwa dalmar ta saki a wani wuri, sai a ji amon ya toshe, ko ya zo da ɗan ƙugi kamar fasasshen kwano. Gwani yakan danne ɗan ƙarfen da ke fitar da kwanson harsashi kafin ya buga, domin shi ma yana karkarwa, yana iya sa a zargi lafiyayyar bindiga.

Dalilin a bayyane yake. Bugun yana sa ƙarfen rawa, kuma in duk sassan a manne suke, rawar tana bin su gaba ɗaya kamar abu guda. Inda aka samu rabuwa, fuskokin biyu suna gogar juna, su cinye rawar nan take. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar mahaɗi ya saki, raɓa da ruwan sama da gumin hannu za su sulale cikin kogon nan, tsatsa ta zauna tana cin bututun ta bayansa shekara da shekaru, alhali waje yana sheƙi, ciki ma yana sheƙi. Wannan aibi ne da ido ba zai taɓa kamawa da wuri ba, kunne ne kaɗai ke tona shi. A nan kam ji ya kori gani.

Akwai sauran abubuwan da kunne ke faɗa. Lafiyayyar bindiga in an rufe ta, ƙara ɗaya take yi, gajeriya, mai nauyi. In an cire katakon gaba aka riƙe ta ta ƙota aka girgiza, bai kamata a ji komai ba. In aka ji kwaram-kwaram, to gindin bututun ya daina zama daidai a mazauninsa, kuma kowane harbi yana ƙara buɗe wannan giɓi. Kunamar ma tana da muryarta: wadda ke kamawa da kyau tana yin "ƙas" a fili, wadda ta side kuwa tana kamawa a sanyaye, kuma irinta ce ke tashi da kanta in bindiga ta faɗi ƙasa.

Abin da amo ba ya faɗa

Wata rana a wata maƙera cikin birni na ga wani saurayi ya kawo bindigar da ya gada, yana son a shaida masa lafiyarta kafin fita farauta. Dattijon maƙerin ya rataye bututun ya buga, suka yi amo mai daɗi, saurayin ya washe baki. Maƙerin bai ce komai ba, ya ɗaga bututun ya fuskanci hasken ƙofa ya daɗe yana leƙawa, sannan ya bi bayansu da tafin hannu a hankali. Saurayin ya ce, "Baba, ai ta amsa." Dattijon ya ce, "Ta amsa, ɗana. Ta ce mini liƙinta na nan. Ba ta gaya mini kaurin da ya rage mata ba." Ban taɓa jin an taƙaita wannan batu da kalmomi kaɗan kamar haka ba.

Kauri shi ne rai. A lokacin da harsashi ya tashi a cikin bindiga mai lamba 12, wadda faɗin bakinta ya kai kusan milimita 18.5, matsin da ke bugun gindin bututun yana iya kai ma'aunin ba 740 a ƙa'idar Turai, wato ya ninka iskar tayar ƙaramar mota fiye da sau 300. Bangon bututun kuwa, a tsakiyarsa, galibi bai kai milimita ɗaya ba tun yana sabo. Masu sana'ar bindiga a Ingila suna ɗaukar kusan rabin milimita a matsayin iyakar da ba a son a gangara ƙasa da ita. Duk lokacin da aka kankare tsatsa daga ciki, ko aka goge bayan bututun da magagari don ya yi kyau a idon mai saye, ana rage wannan ɗan kauri ne. Bututun da ya sirance kamar gwangwanin madara zai iya yin amo mai zaƙi, domin siranta ba ta hana ƙarfe kaɗawa. 

Amo ba ya faɗin tsawon mazaunin harsashi. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa an yi su ne don harsashi mai milimita 65, alhali wanda ya cika kasuwa yanzu mai 70 ne, akwai ma mai 76. Dogon harsashi yakan shiga gajeren mazauni lafiya lau, domin bakinsa a naɗe yake. Sai an harba ne yake buɗewa ya rasa wurin miƙewa, matsi ya ƙaru a kan ƙarfen da ya riga ya tsufa.

Amo ba ya faɗin irin albarushin da aka ƙera bindiga dominsa. Akwai tsofaffin bututun da ake kira Damaskas, masu zane a jiki kamar zanen ƙwarya, waɗanda aka yi ta hanyar murɗa siraran ƙarafa a naɗe su a kan sanda a dake su da wuta har su haɗe. Yawancinsu an yi su ne a zamanin baƙin albarushi, kafin albarushi marar hayaƙi, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1884, ya mamaye duniya. Irin wannan bututu yana da ɗaruruwan wuraren haɗi da tsatsa za ta iya bi. Yana iya yin amo kamar ƙararrawa, ya kuma buɗe a harbi na farko da harsashin zamani.

Haka kuma amo ba ya nuna ɗan lotsawar da bututu ya yi lokacin da ya bugi dutse, ko ɗan kumburin da ya samu, ko ƙananan ramukan tsatsa da ke ciki. Ba ya nuna gidan da zanzaro ya gina da laka a cikin bindigar da ta shekara a rataye a bango, ko ƙasar da ta toshe bakinta lokacin da mafarauci ya dogara ta a fadama. Toshewa tana cikin manyan abubuwan da ke fasa bindiga, ko da sabuwa ce fil. Maganinta kuwa ba ya cin ko kwabo: a karya bindiga a leƙa bututun biyu kafin a sa harsashi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, toshewar amo ba kullum take nufin bindiga ta mutu ba. Mahaɗin da ya saki ana iya cire shi, a share tsatsar, a auna abin da ya rage, a sake liƙewa da dalma. Abin da ba ya gyaruwa shi ne aikin gaggawa, inda ake kai bindiga wurin mai walda ya ɗiga mata wuta. Walda tana iya mayar da amo, amma zafinta yana narkar da sauran dalmar, yana kuma sauya halin ƙarfen a daidai wurin da ake buƙatar ƙarfinsa. Mai saye ya buga ya ji ta amsa, bai san an saya mata muryar ba ne.

Yadda wasu suka warware matsalar

Turawan da suka ƙera waɗannan bindigogi su ma suna gwada su da kunne har gobe, amma tun da daɗewa suka gane cewa ba a jingina ran mutum a kansa. A Landan an ba ƙungiyar maƙeran bindiga ikon gwajin bututu tun 1637. An kafa irin wannan gidan gwaji a Birmingham da dokar majalisa a 1813, birnin Liyej na Beljiyam kuwa ya wajabta gwaji tun 1672. Abin da ake yi shi ne a ɗaure bindiga a cikin ɗaki mai kauri, a harba ta daga nesa da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sannan a duba ta a auna. In ta jure, sai a buga mata hatimi a ƙarƙashin gindin bututun. Mai tsohuwar bindiga ya juya nasa bututun ya duba: haruffan BNP da kambi a kansu na Birmingham ne, ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai na Liyej ne, kuma sau da yawa akan rubuta tsawon harsashin da ya dace a gefe. A Ingila laifi ne a sayar da bindigar da ba ta da hatimi, ko wadda aka kankare cikinta har ta wuce awon da aka gwada ta a kai. Tun 1914 waɗansu ƙasashe suka kafa hukumar haɗin gwiwa don amincewa da hatimin juna, kuma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinta.

Sai dai hatimi shaida ce ta ranar da aka buga shi. Hatimin 1930 bai san abin da damina casa'in suka yi ba.

A nan gida, Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai irin su bindiga mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai kuma na ɗurawa ta baki irin su adaka, da ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta kuma ce gyaran bindiga sai da izinin hukuma. Hankalin dokar duk yana kan wanda ke riƙe da makami, kuma a halin da ƙasa ke ciki babu mai hankalin da zai ce a sassauta wannan. Amma mutumin da ya bi ƙa'ida ya samu lasisi, ina zai kai bindigarsa a auna masa kaurinta? Takardar da ke aljihunsa ta shaida halinsa, ba ta shaida ƙarfen da zai kanga a kumatunsa ba.

Abin da nake ganin ya dace

Kira na farko ga hukuma ne. Ya kamata sabunta lasisi ya haɗa da duba lafiyar bindigar kanta, a wuri sananne, a kan kuɗin da talaka zai iya biya. Ba aikin da ke buƙatar biliyoyi ba ne: ma'aunin kaurin bututu da na tsawon mazauni kayan hannu ne da ke shiga jaka. Muna da Kamfanin Ƙera Makamai na Ƙasa a Kaduna tun 1964, muna da injiniyoyi a Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, akwai kuma Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai da aka kafa a 2021. Tsarin da zai sa mai bindiga ya kawo ta da ƙafarsa don a duba zai amfani jami'an tsaro ma, domin bindigar da aka duba an san inda take. A kuma jawo dattawan maƙera cikin tsarin, a ba waɗanda suka cancanta izini da kayan awo. Kunnensu taska ce da ba a koyar da ita a aji, kuma in aka bar ta a ɓoye saboda tsoron kamu, da su za ta tafi.

Kira na biyu ga shugabannin mafarauta da 'yan sintiri ne, da masu kula da 'yan bindigar sarki. Kafin a fita farautar rani, ko kafin hawa, a ware yini guda a duba makamai ɗaya bayan ɗaya. Adaka ba ta da mahaɗan da za su saki, amma tana da nata ciwon: baƙin albarushi yana barin toka mai jan danshi, wadda ke cin gindin bututun ta ciki, inda ba a iya leƙawa. Kuma ita ake harbawa a tsakiyar dubban jama'a.

Kira na uku ga mai bindiga ne shi kansa. Ka koyi gwajin amo, ka riƙa yin sa duk shekara, musamman bayan damina. In ta toshe, ka ajiye ta har sai gwani ya gani. In ta amsa, ka ci gaba da sauran tambayoyin: ka leƙa cikinta a haske, ka shafa bayanta, ka karanta hatiminta, ka san harsashin da aka yi ta dominsa. Kada ka haɗa harsashi mai lamba 20 da mai lamba 12 a aljihu ɗaya, domin ƙaramin yakan zurma cikin bututun babbar bindiga ya maƙale, a ɗora wani a bayansa. A daji kuma kada ka rufe kunnenka. In ka harba ka ji ƙarar ta fito a raunane, ba kamar yadda ka saba ba, ka tsaya ka leƙa, wataƙila wani abu ya tsaya a hanya. In ka ja kunama ta yi "ƙas" ba ta tashi ba, ka bar bakinta yana kallon inda babu kowa na rabin minti kafin ka buɗe.

Magabata sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Gaskiya ne, da sharaɗin mai kunnen ya san iyakar abin da aka gaya masa. Bindigar gado tana da daraja, amma wadda awo ya kayar, darajarta a bango take, a matsayin abin tunawa da mai ita. Magidancin da ya fita neman zomo da fakara yana da iyalin da ke jiran ya dawo da hannuwansa biyu. Allah Ya tsare mu da tsautsayi, Ya ba shugabanninmu ikon duba wannan lamari.